Sunan dolfin da harshen Latin

Ka tambayi yadda ake kiran dolfin, dabbar teku mai kama da kifi, da Latin da kuma ma'anar sunan. Sunansa delphinus. Rumawa aro suka yi daga Girkanci, inda ake ce masa delphis, kuma masana harshe na danganta shi da delphys, wato mahaifa. Ma'anar ke nan "mai mahaifa". Sunan kuwa ya dace, domin duk da kamarsa da kifi ba ƙwai ake nasawa ba. Macen ciki take ɗauka, ta haihu, ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ta riƙa leƙowa saman ruwa tana shaƙar iska ta ƙofar da ke tsakar kanta.

Sai dai in don jarrabawa kake nema, ka yi hattara. Na sha ganin ɗalibai suna liƙa wa kowane dolfin Delphinus, maki ya tafi a banza. A 1758 masanin halittu Carl Linnaeus ya raɗa wa nau'i guda sunan kimiyya Delphinus delphis. Wanda ake yawan nunawa a talabijin yana tsalle ta cikin zobe kuwa, Tursiops truncatus ne. A sunan kimiyya, kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami, in da biro kake rubutu ka ja musu layi a ƙasa.