Caja Ta Shiga Waya, Amma Ba Ta Cika Ta Da Wuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi caja, a jikin kwalinta an rubuta tana aiki da kowace waya mai bakin Type-C. Ta shiga Samsung ɗina daram, amma cajin tafiyar hawainiya yake yi. Cuta ta aka yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba lallai an cuce ki ba, sai dai abin da ɗan kasuwa ke kira dacewa ba shi injiniya ke nufi ba. A wurin mai shago, in baki ya shiga rami, alamar caji ta fito, magana ta ƙare. A wurin injiniya kuwa sai waya da caja sun fahimci juna. Da an jona su, cajar tana farawa ne da ƙaramar wuta, bolt 5, sannan wayar ta nemi ƙari, kamar bolt 9. In ba tsarinsu ɗaya ba, sai a tsaya a ƙaramar wutar, ki yi ta jira.

Caji mai sauri na Samsung, na wat 25, yana buƙatar kan caja mai tsarin PD da PPS, wato tsare-tsaren da waya da caja ke bi su daidaita yawan wutar. Ki juya kan cajar, ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, ba manyan da ke kwali ba. In babu PPS, ki mayar a canja miki. Igiyar ma tana da nata: ta gama-gari ba ta wuce wat 60, wanda ya ishi wayarki amma ba kowace kwamfuta ba. Ni dai shawarata, ki gwada a shagon, ki ga wayar ta nuna caji mai sauri kafin ki miƙa kuɗi.

Tambaya: Ɗan'uwana ya aiko mini injin markaɗe daga Amurka. In na sayi adafta, zai yi aiki? Daga wata uwargida a Katsina.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki jona shi tukuna. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230. Adafta siffar baki kawai take canjawa, ba ta rage wuta, injin zai ƙone. Ki duba ƙasansa: in an rubuta 120V kaɗai, sai kin sayi transifoma mai sauke wuta, wadda wat ɗinta ya zarce na injin sosai. Ki fara tambayo kuɗinta, don sau da yawa sayen sabon inji a nan ya fi sauƙi.