Na'urar Fakin Tana Kuka, Gareji Sun Ce a Canza Duka

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu a ƙasar waje, aikina kai wa mutane kaya da mota. Tun shigowar sanyi, in na sa ribas sai na'urar fakin ta yi dogon ƙara sau ɗaya ta yi tsit, wata rana kuma ta yi ta kuka alhali ba komai a baya. A gareji an ce a canza sensa huɗun nan gaba ɗaya. Motar nake so in tura wa ƙanena gida baɗi, ba na so in tura masa wahala. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka. Kada ka yarda da canjin huɗun nan tukuna, da wuya su mutu rana ɗaya. A motoci da yawa, in guda ta daina amsawa sai kwamfutar da ke kula da su ta kashe aikin gaba ɗaya, ta sanar da kai da wannan dogon ƙaran. Abin da ke gabanka biyu ne: ka gano wacce ce, sannan ka gano ita ce ta lalace ko wayarta.

Sensa ɗin, wato ƙwayoyin nan masu kama da maɓallin riga da ke jikin bamba, sauti suke aikawa, siririn da kunne ba ya kamawa. Jin ɗan Adam yana tsayawa wajen kilohaz 20 (ma'aunin sirantakar sauti ke nan), nasu daga 40 yake zuwa sama. Sautin ya bugi bango ya dawo, kwamfuta ta auna lokacin da ya ɗauka, da yake kuwa sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, sai ta san tazarar. Shi ya sa ƙarar ke farawa a kusan mita ɗaya da rabi, ta riƙa sauri, ta zarce ba yankewa in ya rage kamar santimita 30. Saboda haka duk abin da ya manne a fuskar sensa, a wurinta bango ne.

Nan maganar sanyinka ta shigo. Ƙanƙara, taɓo, da gishirin da ake watsawa a titi duk suna daskarewa a kanta. Ka samu ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi ka wanke kowace, har da ramin da ke zagaye da ita inda ɗan zoben roba yake. Ban da injin feshin ruwa mai ƙarfi kusa da ita. Kana wankewa kana dubawa: akwai wadda ta nutse ciki, ko ta karkace tana kallon ƙasa? Ɗan gogar da ba ka ɗauka komai ba a wurin fakin ya isa ya ture ta. Kukan banza galibi nan yake ƙarewa. Dogon ƙaran kuwa ya fi kama da na lantarki.

Sai gwajin kunne. Ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe mara hayaniya, ka ja birkin hannu, ka tokare taya, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama amma kada ka tayar da inji, sannan a sa ribas. In motarka mai tafiya da lantarki ce ko haibirid (mai haɗa mai da lantarki), wadda ba ta shiga ribas sai tana shirye da tafiya, dole wani ya zauna ciki ƙafarsa a kan birki har ka gama. Wannan ban yarda a yi wasa da shi ba. Ka durƙusa ka kara kunne a kan kowace: ko da yake ainihin sautin ba ya jiyuwa, mai lafiya tana ɗan ƙas-ƙas-ƙas da sauri, kamar agogon hannu, in ka ɗora yatsa ma a hankali za ka ji motsin. In kunnen bai kama ba, kunna ɗaukar murya a wayar salularka ka kara ta, sai ka saurara daga baya. Wadda ta yi shiru ita ake tuhuma.

Tuhuma dai na ce. Mutane da yawa a nan suke asara: su sayi sabuwa, su sa, ƙara na nan yadda yake. Ka kashe mota, ka zura hannu bayan bamba (wasu motocin sai an sassauta ta), ka cire soket ɗin sensar. In ka ga kore-kore ko danshi a bakin ƙarafunan, ruwa ya shiga. A share da feshin wanke soket, a bar shi ya bushe. Bayan haka ka yi musaya: mai shirun ta koma gurbin maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta dawo nata, in dai lambar da ke bayansu ɗaya ce. In shirun ya bi ta, ita ce ta mutu, guda ɗaya za ka saya. In ya tsaya a tsohon gurbi, sensa lafiyarta ƙalau, waya ce ta tsinke ko ta goge, kuma wannan aikin mai gyaran lantarkin mota ne.

In duka huɗun shiru, duba fiyus a littafin motar, ka kuma ga ko fitilar ribas na kamawa, don sensa ɗin da ba da su motar ta zo ba, aka ɗaura daga bisani, yawanci daga nan suke shan wuta. Motar da ke da soket ɗin tirela, danshi a cikinsa kan sa ta zaci tana jan kaya ta kashe sensa na baya.

Ka koma garejin ka tambaye su lambar kuskuren da suka karanta. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanto matsalolin mota, da ake sokawa a soket mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari galibi matsalar inji kawai take gani. Wadda ke shiga kwamfutar fakin ita ke faɗin wace sensa ce, hagu ko dama, ta tsakiya ko ta gefe. In ba su da amsa, ba su duba ba.

Kafin ka kwance komai, leƙa takardunka. In garanti bai ƙare ba, a kai wa dillali, kada taɓawarka ta zame musu hujja. In an taɓa yi wa bambar fenti bayan haɗari, koma wurin masu aikin, don fenti mai kauri yana toshe sensa. Kafin a gyara kuma ka koma wa madubi da waiwaye. Ko na'urar tana lafiya takan rasa siririn ƙarfe da abu gajere, balle yaro.

Game da ƙanenka, gyara motar a ƙasar da kake, inda kayan ƙirar suke kusa. Ka ɗauki hoton lambar bayan sensar, ka haɗa da rasit a cikin takardun motar, ko wata ta mutu a hannunsa ya san abin da zai nema.