Wai birkin gaba ne ke kada mai mashin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da kokari. Kanena ne ya sayi Boxer sabo fil, sai abokansa suka ce kar ya kuskura ya taba birkin gaba wai shi ke wuntsila mutum, har ya kai wa bakanike ya sassauta masa wayar. Gaskiya ne? Sannan ni mota nake tukawa, sau da yawa mai mashin zai rage gudu a gabana danja bata kama ba, rannan saura kiris in kwashe wani. Laifin waye?
Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam dan uwa. Don Allah yau din nan ka sa kanen naka ya koma a daure masa wayar nan, maganar rai ce wallahi.

Duk sanda aka ja birki, nauyin mashin da na wanda ke kai gaba yake tafiya, shi yasa zaka ga kan mashin ya dan nutse kasa. Tayar gaba sai ta kara mannewa da kwalta, ta baya kuma nauyi ya bar ta, to kaga wadda ta rike kasa da kyau ita ke iya tsayar da kai. Masu koyar da tukin babur suna kiyasta kusan kashi 70 cikin 100 na karfin tsayawa daga gaba yake. Wanda ya dogara da na kafa kawai, ranar da yaro ya fado masa titi zai taka da karfi, tayar baya ta kulle ta fara jan kasa kiiii, bayan mashin ya karkace gefe, shi kuma yana ta tafiya har ya isa inda yake gudun isa.

Abokan nasa ba daga sama suka dauko maganar ba. Idan ka damke birkin gaba lokaci daya cikin firgici, musamman a kwana ko kan yashi ko kan mashin yana juye, tayar gaba zata kulle kuma kafin kace me kana kasa. Matsalar damkar ce. Yadda ake yi, ka saki totur, ka fara matsa hannun birkin a hankali har nauyi ya sauka gaba, sannan ka kara matsawa sosai, kafarka na danna na baya a lokaci guda. Ya samu titin da ba kowa ya yi ta gwadawa da karamin gudu har hannunsa ya saba. A Turai tun 2016 doka ta tilasta sa ABS a sabbin babura da girman injinsu ya wuce cc 125, Indiya ma ta bi a 2019, na'urar ce ke hana taya kullewa, amma irin namu na yau da kullum basu da ita, yatsun mutum ne ke wannan aikin.

Sai tambayarka ta biyu. Mashin bashi da nauyi, da an saki totur ko an sauko da giya gudunsa ke raguwa sosai ba a taba birki ba, don haka danja ba zata kama ba ko da lafiyarta kalau, balle wadanda kwan nasu ya dade da mutuwa. Amma gaskiya nauyin a kanka yake, tunda kai ne a baya. A gudun kilomita 60 motarka na cin kusan mita 17 duk dakika daya, kafin ma kafarka ta kai kan birki ka cinye wannan, idan kuma ka ninka gudun tazarar birki sau hudu take karuwa. Ka bar akalla dakika 3 tsakaninku, in ana ruwa ka kara, musamman ruwan farko da ke taso da mai a kwalta. Kuma ramin da kai zaka taka ka wuce mai mashin dole ya kauce masa ba shiri, kar ka matse shi a gefe, ka duba madubi kafin ka sha kwana ko ka bude kofa.

In kanen naka yaje wajen bakaniken, a duba masa fatar birki gaba da baya, a tabbatar danja na kamawa ko hannu ya matsa ko kafa ya taka, ya kuma sayi hular kwano mai madauri ya rika daurewa a haba.