Amsa: Motar lantarki ta tsarin Motability ga Hajiyarmu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kin ce tana karɓar PIP, wato kuɗin tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya a nan Birtaniya, kuna tunanin ko ku ɗauki motar lantarki ta Motability, tsarin da ke ba masu naƙasa hayar mota da kuɗin tallafinsu.

Kafin zaɓen mota, ku fara duba inda za ku yi caji. In gidan yana da wurin ajiye mota nasa, tsarin kan taimaka a saka muku na'urar caji a gida, kuma cajin dare ya fi fetur araha nesa ba kusa ba. Amma in a bene kuke ba wurin fakin, gaskiya ina jin tsoron abin. Cajin waje yana da tsada, wayoyinsa kuma nauyi gare su, mai ciwon ƙafa ko hannu zai sha wahala.

Hayar shekara 3 ce, da inshora da gyara da tayoyi a ciki, sai dai wasu motocin na buƙatar kuɗin gaba. Ku tafi da kekenta na guragu wurin dillali, a gwada ko zai shiga but ɗin motar, wato wurin kaya na baya, Hajiya kuma ta shiga ta fita da kanta, don batirin yana ƙarƙashin mota, shi ya sa wasu motocin sun yi tudu. Lokacin sanyi kuma cajin ba ya kai nisan da aka rubuta.