Wuni ɗaya a Zanzibar: in biya mai yawo da baƙi?

Tambaya: Taron aiki zai kai ni Dar es Salaam, kuma ina da wuni ɗaya na kaina da nake so in yi a Zanzibar. Wani mai yawo da baƙi ya yi mini tayin gonar kayan ƙamshi, tsibirin kunkuru, bakin teku da tsohon gari, duk a rana guda. In biya? Daga wata Hajiya, unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Jirgin ruwa daga Dar es Salaam awa biyu yake ci, na ƙarshe mai komowa kuma da la'asar yake tashi. Wuri huɗu a wannan tsakani, mota da kwalekwale kawai za ki gani.

Ki tsaya a tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Daga tashar jirgi da ƙafa ake shiga, don yawancin lungunansa mota ba ta ratsa su. Ki lura da ƙofofin katako masu sassaƙa, waɗanda aka jera wa ƙusoshin tagulla. Za ki ɓata hanya, babu makawa, amma garin bai kai ya haɗiye mutum ba, kuma sallamarmu ita ce tasu. Ki leƙa ganuwar da Larabawan Oman suka gina, sannan ki ba tsohuwar kasuwar bayi awa guda. An rufe ta a 1873, aka gina coci a wurin. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, sai kin sunkuya.

Batun ciki, ki nemi urojo. Romo ne mai kauri da ɗan tsami, ana zuba masa dankali, wani abu kamar ƙosai, soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras da tsirensu da suke kira mishkaki. Ki kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Garin Musulmi ne, nama ba abin fargaba ba.

Kasuwar abincin dare ta Forodhani kuwa sai magariba take ci, wato sai in za ki kwana. In kin kwana, ki tambayi farashi kafin a ɗora miki komai a wuta, kuma kifin da kika tarar a gashe yana jiran mai saye, ki wuce shi. Mu da muka saba da kifin kogi, cikinmu ba ya son wasa.

Tsaraba a kasuwar Darajani za ki saye ta: kanumfari, kirfa, masoro. Ki ce a auna miki, ki bar ƙananan ƙunshin da aka yi wa ado don Turawa. Taya kamar kina Babbar Kasuwa, da shilin ɗin Tanzaniya a hannu, don sefa ba ta da aiki a can. Katin rigakafin ciwon shawara kuma ya kwana cikin fasfo tun daga Yamai.