Amsa: Me ya sa haske ke damuna bayan an ɗiga min maganin duba ido?

Malama, ki kwantar da hankalinki, idonki bai lalace ba. Ɗigon nan na tsakiyar baƙin ido ƙofa ce da haske ke shiga ta cikinta. Da'irar da ke kewaye da shi tana da tsoka iri biyu: ɗaya tana tsuke ƙofar a rana zuwa kamar milimita 2, ɗayar tana buɗe ta a duhu har kusan milimita 8.

Maganin da likita ya ɗiga miki ya kwantar da mai tsukewar ne, don ya hango can bayan idon, musamman ga mai ciwon sukari. Shi ya sa ƙofar ta tsaya a buɗe, haske yana shiga da yawa yana damunki. Yawanci awa 4 zuwa 6 ya sake ki. Kafin nan ki sa baƙin tabarau, kada ki yi tuƙi. Idan kuwa idon ya yi ja da ciwo mai tsanani ko amai, ki koma asibiti nan take.