Tambaya da Amsa: Wace Furosesa Ce Ta Cancanci Kuɗinka a Kwamfuta Mai Araha?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai sauƙin kuɗi suke, kuma kusan dukkansu suna komawa ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin da kwamfuta take yi. Na zaɓi uku daga cikinsu domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma mahaifina ya tara mini kuɗin kwamfuta domin rubuta kundin kammala digiri. A shago an nuna mini sabuwa a kwali mai Intel N100, da wata sabuwa mai Ryzen 5 7520U, da kuma ta hannu mai Core i7 wadda mai shagon ya ce ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ya kuma ba ka sa'ar kammalawa. Kafin ka fitar da ko sisi, ka koma shagon ka nemi cikakkiyar lambar waccan Core i7 ɗin, domin "i7" sunan dangi ne kawai, kuma a cikin dangin akwai kaka akwai jika. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke nuna zubin da aka yi furosesar, abin da 'yan kasuwa ke kira jenereshan. A i7-7500U, bakwai ɗin farko na nufin zubi na bakwai. A i5-8250U, zubi na takwas ke nan. Daga zubi na goma zuwa sama kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, saboda haka i5-1235U zubi na sha biyu ce. Muhimmancin wannan shi ne, i7-7500U ta 2016 ƙwayoyin aiki biyu gare ta, wato sassan da ke raba aikin furosesa a tsakaninsu, alhali i5-8250U da ta fito a 2017 tana da huɗu, har ya zama ƙanwar da ake rainawa ta fi yayar ƙarfi a duk lokacin da aka buɗe manhajoji da yawa a tare.

Akwai kuma batun Windows, wanda masu saye da dama ba sa tunawa da shi sai an riga an biya. Kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana karɓar furosesar Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, ta AMD kuma a kwamfutar tafi-da-gidanka daga Ryzen 3000, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Gaskiya ne ana iya cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta ta bayan fage, kuma za ka ga tana aiki a teburin shago, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyaren tsaro ba.

Kwanakin baya 'yar maƙwabcina ta kawo mini tata da aka saya mata a matsayin babbar kwamfuta, tambarin i7 na ƙyalli a gefen madannai kamar ranar aka manna shi. Na danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ta buɗe, na shiga ɓangaren da ke nuna furosesa, sai ga i7-6600U, ta shekarar 2015, mai ƙwayoyi biyu. Muna cire cajar, batirin bai kai mu ƙarshen hirar ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san watannin da iyayenta suka yi suna tara kuɗin, kuma binciken da zai ceci kuɗin nan bai wuce na minti ɗaya ba. Ka yi wannan binciken da hannunka a gaban mai shago, kada ka dogara da takardar da aka manna a jikin kwamfuta.

Ita kuwa N100, magajiyar Celeron da Pentium ce, sunayen da Intel ya yi ritaya da su a kwamfutocin tafi-da-gidanka a 2023. Tana da ƙananan ƙwayoyi huɗu, kuma wutar da aka tsara mata wat 6 ce kacal, shi ya sa ba ta zafi sosai kuma batirinta ke jimawa, abin da ba za a raina ba a inda ake yawan ɗauke wuta. Za ta yi maka rubutu a Word, da bincike a intanet, da kallon darasi a bidiyo ba tare da damuwa ba. Amma idan kundinka na buƙatar manhajar ƙididdiga ta SPSS da bayanai masu yawa, ko zanen AutoCAD, nan da nan za ta fara haki. N150 da ta biyo baya a 2025 kusan ita ce ɗin, ƙarin gudu kaɗan aka yi mata.

Ryzen 5 7520U tana buƙatar a karanta ta da lura, domin a tsarin sunayen AMD na wannan jerin, lamba ta uku ce ke faɗin ainihin ƙirar da ke ciki. Biyun da ke cikin 7520U na nufin Zen 2, ƙirar da ta fara fitowa a 2019, kuma ƙwayoyinta huɗu ne. 7530U kuwa Zen 3 ce mai ƙwayoyi shida. Lamba ɗaya ce ta raba su a rubuce, amma a wurin aiki tazarar tana da yawa. Wani abin lura kuma, RAM ɗin kwamfutocin 7520U, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke riƙe ayyukan da aka buɗe, a like yake da allon kwamfutar, ba a ƙara shi daga baya, saboda haka abin da ka saya da shi za ka zauna har ta tsufa. Duk da haka ta fi N100 ƙarfi a fili.

Ga hukuncina. Idan ta hannun zubi na takwas ce ko sama, kuma irin ta ofis ce kamar ThinkPad T480 ko Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5, batirinta na da lafiya, kuma mai shago ya yarda ya ba ka kwanakin gwaji a rubuce, to ita ce ta fi cancantar kuɗinka, domin irin waɗannan ana ƙara musu RAM kuma kayan gyaransu ba sa wuya a kasuwa. Idan ta gaza zubi na takwas, ka bar ta ko da an rage maka, ka ɗauki Ryzen ɗin da sharaɗin RAM ɗinta bai gaza gigabait 8 ba kuma ma'ajiyarta SSD ce, wato irin mai sauri. Ka kuma tambaya ko suna da Core i3-1215U ko Ryzen 5 7530U a kusa da wannan farashin, domin kowace daga cikinsu ƙwayoyi shida gare ta.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu a Katsina: Malam, ina jin ana cewa sababbin kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira suna tafe, kuma idan sun iso farashin sauran zai faɗi. Ina so in sauya wadda nake aiki da ita. In jira ne ko in saya yanzu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Ban ga dalilin da zai sa ki jira ba, kuma zan faɗa miki hujjata. Farashin kwamfuta a Najeriya dala yake bi, tunda daga waje ake shigo da ita, kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Bayan wannan, tun daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi a duniya baki ɗaya, saboda manyan masu ƙera shi, wato Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke saye da yawa kuma da tsada, har Micron ya sanar a watan Disambar 2025 cewa zai daina sayar wa talakawan masu saye kayansa na Crucial. A kwamfuta mai araha ribar kamfani ƙarama ce, don haka idan RAM ya yi tsada, ko dai a ƙara kuɗi ko a rage abin da ke ciki, kuma wannan na biyun ne ya fi ba ni tsoro domin mai saye ba ya ganinsa a kwali.

Game da waɗanda kika ji labarinsu, Microsoft ya sa musu suna Copilot+ a 2024, kuma sharaɗinsu shi ne RAM gigabait 16, ma'ajiya gigabait 256, da wani ɓangare na musamman a furosesa da ke iya lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa. A watan Janairun 2025 kamfanin Qualcomm ya fito da furosesar Snapdragon X domin kwamfutocin da za a sayar a wajen dala 600. Batirinsu na jimawa matuƙa, wannan ba a musu, amma ƙirar Arm ce, ba irin ta Intel da AMD ba, kuma tsofaffin na'urorin buga takarda da na ɗaukar hoton yatsa na iya ƙin aiki da ita idan ba a rubuta musu manhajar haɗi ta musamman ba. A sana'arki, inda na'urar buga takarda ce jari, wannan kasada ce da ba na ba ki shawarar ɗauka.

Ki kuma sani ba duk sabon suna ne sabon kaya ba. Tun ƙarshen 2023 Intel ya fara cire harafin "i" daga sunayensa, kuma Core 5 120U da za ki gani a sababbin kwalaye kusan i5-1335U ce ta zubi na sha uku aka sauya wa tuwo suna. Furosesa ce mai kyau, amma bai kamata ki biya kuɗin sabon zubi a kanta ba. Idan kika samu i5-1235U da RAM gigabait 16 a farashin da ya yi ƙasa, ta ishi shagonki shekaru.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Kwamfutata tana gudu da safe, amma da rana a lokacin bazara sai ta yi nauyi, fankarta ta riƙa ƙara. Furosesar ce ta lalace?

Amsa: Malam, da wuya a ce lalacewa ce. Furosesa tana rage gudunta da kanta idan zafi ya kai wani mataki domin kada ta ƙone, kuma ƙurar hunturu da ta taru a fanka da ramukan iska tana sa ta kai matakin da wuri. Ka kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, sannan ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ranar da za ka sayi wata, ka dubi harafin ƙarshen lambar: mai U wajen wat 15 aka tsara mata, mai H kuwa wajen 45, kuma ga aikin koyarwa a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, mai U ce za ta fi zama lafiya a hannunka.